Cire mahaifa, cire ƙari kaɗai, ko ci gaba da magani: wanne ya dace da ke?

Idan aka ajiye haihuwar da ta zo da gardama a gefe, abin da ya fi kai mata ga maganar cire mahaifa a asibitocinmu shi ne ƙarin mahaifa. Al'ada ta koma kwana goma ko fiye, gudaji suna zuba, mara ta yi nauyi, an yi sikanin a Birnin Kebbi ko Jega ko Yauri, likita ya duba takarda ya ce aiki za a yi. Kafin a iso gida magana ta rabu uku. Maigida yana lissafin kuɗi, Inna ta ce ba a taɓa yanka kowa a zuriyarta ba, wata ƙawa kuma ta san mai maganin da ke narkar da ƙari. Ita mai ciwon, wadda ke tashi da jiri kullum, sai daga ƙarshe ake jin ta bakinta.

Wannan rubutu na wadda take da sararin yin tunani ne. Macen da mahaifarta ta fashe wurin doguwar naƙuda, ko jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ya ƙi jin allura, ba ta cikin wannan lissafi, domin a nan rai likita yake ceto kuma mintuna kaɗan gare shi. Wadda ake zargin sankara ma hanyarta daban ce, zan zo kanta.

Ƙarin mahaifa tsiro ne daga naman mahaifar kanta. Ba sankara ba ne, kuma da wuya ƙwarai a same shi da ita. Ya fi yawa a matan baƙar fata. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna samunsa, fararen kuma kusan kashi 70, da yawansu ma ba su san suna ɗauke da shi ba. Sinadaran da gidajen ƙwai biyu ke fitarwa ne ke ciyar da shi, shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa, ya motse idan al'ada ta ɗauke. Ki riƙe wannan, don rabin shawarar a kansa ta rataya.

Abin da za ki auna

Haihuwa ce gaba da komai. Mai 'ya'ya bakwai tana iya son na takwas, mai biyu tana iya cewa ta gode Allah haka nan. Amsar da za ki ba kanki ke kaɗai ita ce abin dubawa, ko da ta saɓa da wadda za ki faɗa a gaban uwar miji.

Sai shekaru. Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin 45 da 55. Mai 48 wataƙila shekara biyu ko uku kawai take buƙatar ta lallaɓa, ƙarin ya fara motsewa da kansa. Mai 32 tana da kusan shekara ashirin a gaba, kuma ba wanda zai sha ƙwaya shekara ashirin yana zubar da jini ya ce yana lafiya.

Na uku, mene ne ainihin abin da ke damun ki, jini ko girman ciki? Ƙarin da ya tsiro cikin ramin mahaifa, ko ɗan ƙarami ne, shi ya fi kawo zubar jini da ɓari. Wanda ya tsiro ta bayan bango yakan yi shiru yana girma har ya danne mafitsara ko hanji, mace ta riƙa yawan fitsari ko bayan gida ya yi mata wuya. Likitoci suna auna girman mahaifa da makonnin ciki. Idan kin ji an ce ta kai ta sati 20, ana nufin ta taɓo cibiya. Magani yana iya rage jini, amma babu ƙwayar da za ta mayar da irin wannan cikin yadda yake.

Sauran ma'aunan su ne ɗorewa, haɗari, kuɗi, tsawon jinya, da kuma wanda zai riƙe wuƙar. Wannan na ƙarshe mutane sun fi raina shi, alhali a ganina ya fi sunan aikin muhimmanci.

Magani da sa ido

Nan ake farawa, kuma mata da yawa nan suke tsayawa lafiya. Akwai ƙwayar rage zubar jini irin su Cyklokapron, wadda ake sha a kwanakin al'ada kaɗai. Akwai Ponstan mai rage ciwon mara da ɗan rage jinin, sai dai mai gyambon ciki ta yi hattara da shi. Akwai ƙwayoyin tazarar haihuwa, da allurar Depo-Provera ta wata uku-uku, da robar mahaifa mai sinadari irin ta Mirena, wadda ke rage jini sosai har tsawon shekara biyar. Robar tana son mahaifar da ƙari bai karkatar da raminta ba, in ba haka ba takan faɗo. Duk wannan kuma tare da maganin ƙarin jini ake yinsa, domin macen da ta daɗe tana zuba ta riga ta ci bashin jini.

Allurar Zoladex daban take. Tana tsayar da aikin gidajen ƙwai na ɗan lokaci, al'ada ta ɗauke, ƙari ya motse. Tana da tsada, tana kawo zafin jiki da gumin dare irin na mai daina al'ada, kuma ba a son a wuce wata shida da ita saboda tana rage ƙarfin ƙashi. Da an daina, cikin 'yan watanni ƙarin ya koma yadda yake. Amfaninta na gaskiya shi ne a sami lokacin tara jini da rage girman ciki kafin a shiga tiyata.

Kuɗin wannan hanya kaɗan ne a wata, amma ba ya ƙarewa. Haɗarinta ma kaɗan ne idan likita ne ya rubuta ya kuma san ko kina da hawan jini ko kin taɓa samun daskarewar jini a jijiya. Babban haɗarin shi ne a shagala. Mace ta ga jini ya ragu ta daina zuwa sikanin, ƙari yana ta girma, ranar da ta dawo an wuce matakin da za a iya ceto mahaifar cikin sauƙi.

Maganin gargajiya fa? Ban ga laifin mace ta sha zogale da rama da hanta don jininta ya farfaɗo ba, wannan abinci ne. Amma jarkar da ake cewa tana narkar da ƙari ta fitar da shi ta gaba, gudan jinin da ke fita ake nuna miki a ce ga shi nan. Ki yi sikanin kafin ki fara, ki sake bayan kin shanye, ki gwada santimitocin da kanki. Wasu haɗe-haɗen kuma ƙoda suke taɓawa, ga shi mai shirin tiyata ba abin da take buƙata kamar ƙoda mai lafiya.

Cire ƙari a bar mahaifa

Wannan shi ne aikin mai neman haihuwa. Ana buɗe ciki, a tsaga bangon mahaifa, a zaƙulo ƙarin ɗaya bayan ɗaya, a ɗinke. Mutane suna ɗauka ƙaramin aiki ne tunda ba a cire komai na jiki ba. Sau da yawa ya fi cire mahaifa wahala a hannun likita, saboda mahaifa wuri ne mai jijiyoyin jini da yawa. Likitocinmu sukan ɗaure jijiyoyin da roba kafin su fara don rage zuba, duk da haka za a ce ku tanadi jini leda biyu ko fiye. A takardar da za ki sa wa hannu za ki ga an rubuta cewa idan jini ya ƙi tsayawa za a cire mahaifar gaba ɗaya. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ki shiga da sanin yana iya faruwa, kuma yawan ƙarin da girmansa suna ƙara yiwuwar haka.

Matsalarsa ɗorewa. Kamar cirar ciyawa ce a fadamar shinkafa: an tsige wadda ido ya gani, irin da ke ƙasa yana nan. Ƙananan da hannu bai ji ba sukan girma bayan shekaru, musamman ga mai ƙuruciya da wadda aka cire wa da yawa, har wasu su sake komawa tiyata. Wadda aka cire wa guda ɗaya tal, ko ta haihu bayan aikin, ta fi samun sauƙi.

Abu biyu ne ba a cika faɗa wa mata ba. Na ɗaya, aikin bai zama lamunin samun ciki ba. Idan bututun ƙwai a toshe suke, ko matsalar daga maigida take, an sha wuƙa ne kawai, don haka a duba su biyun tukuna. Shi kansa aikin yana iya barin mannewar nama a ciki wadda ke taɓa bututun. Na biyu, mahaifar da aka tsaga tana ɗauke da tabo. Za a ce ki jira wata uku zuwa shida kafin ki nemi ciki, kuma idan cikin ya zo, haihuwa a asibiti ce, sau da yawa ta tiyata. A jiha irin Kebbi, inda mafi yawan haihuwa a ɗaki ake yinta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Macen da ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, tana da tabo a mahaifa, ta zauna naƙuda a gida, da ranta take wasa. Idan ba za a iya kawo ki kusa da asibiti a watan haihuwa ba, a tattauna wannan tun kafin a yanka.

Cire mahaifa

Shi kaɗai ne ke kashe maganar har abada. Babu al'ada, babu zubar jini, ƙari ba zai dawo ba don babu inda zai tsiro. Babu ciki kuma, kuma ba a mayarwa.

Sai dai aikin iri-iri ne, kuma matan da ke fitowa daga tiyata da yawa ba su san wanne aka yi musu ba. Akwai tambayoyi uku da ya kamata ki sami amsarsu kafin ranar.

Ta farko, kuma mafi girma: gidajen ƙwai, za a bar su ko za a cire? Abin da mata ke tsoro idan an ce cire mahaifa, wato tsufa da wuri, bushewar gaba, mutuwar sha'awa, zafin jiki da dare, yawanci daga cire gidajen ƙwai yake zuwa. Su ke fitar da sinadarin istirojin, wanda ke riƙe ƙashi da laushin jiki, ya kuma taimaki jijiyoyin zuciya. Mahaifa ɗaukar ciki ne aikinta. Idan aka cire ta aka bar gidajen ƙwai, suna ci gaba da aikinsu, ko da yake wani lokaci sukan yi saurin gajiya kaɗan. Idan aka cire su ga mace mai 38, cikin 'yan kwanaki ta shiga halin mai daina al'ada, kuma haɗarin laushin ƙashi da ciwon zuciya yana ƙaruwa sai in an ba ta maganin da zai maye gurbin sinadarin. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: macen da ba ta daina al'ada ba, kuma ƙari ne kawai matsalarta, ta nemi a bar mata gidajen ƙwanta, sai in likita ya faɗi dalili a fili, kamar ƙari a jikinsu su ma ko tarihin sankararsu a dangi. Bututun ƙwai kuwa likitoci da yawa yanzu suna cire su tare da mahaifa, saboda hakan yana rage haɗarin sankarar gidan ƙwai kuma ba ya taɓa sinadaran jiki.

Ta biyu, bakin mahaifa. Ana iya cire mahaifa da bakinta, ana iya barin bakin. Barinsa yana sa aikin ya yi sauri, shi ya sa aka fi yin haka a lokacin gaggawa. Wadda aka bar wa tana iya ganin ɗan ɗigon jini wata-wata, kuma gwajin sankarar bakin mahaifa bai faɗi a kanta ba. A wurin da mata ba su saba zuwa wannan gwaji ba, na fi karkata ga a cire duka idan likita ya ga zai yiwu lafiya.

Ta uku, ta ina za a bi? Ta ciki ita ce aka fi yi a nan, kuma ita ce dole idan mahaifa ta girma sosai. Kwana uku zuwa biyar a asibiti, sati shida zuwa takwas kafin ƙarfi ya dawo. Ta gaba, ba tare da yanka ciki ba, ta fi dacewa da wadda mahaifarta ta zazzago ko ba ta da girma, kuma an fi saurin warkewa. Akwai ta na'ura mai kyamara da ake yi ta ƙananan huji, mai saurin warkewa ita ma, amma sai manyan asibitoci kuma da tsada.

Haɗarin babban aiki duk yana nan: zubar jini, ruɓewar ɗinki, daskarewar jini a ƙafa, matsalar allurar barci ko ta baya. Wanda ya keɓanta da wannan aiki shi ne raunin mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, domin dab da mahaifa suke wucewa. Idan aka ji musu ba a gane ba, mace takan koma da yoyon fitsari. Ana gyarawa, akwai cibiyar masu wannan lalura a Gesse, cikin Birnin Kebbi, amma wa ke son ya je neman sauƙi ya dawo da wannan? Haɗarin ya fi yawa ga wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai ƙaton ƙari, da kuma a hannun wanda bai ƙware ba. Don haka babu rashin kunya a ki ce, "Likita, don Allah kai ne za ka yi da kanka? Kai likitan mata ne?" Na kirki ba zai ji haushi ba. Haka idan an zo da aikin kyauta na 'yan kwanaki, a gode, amma a tambayi wanda zai duba ki idan sun tafi.

Yanzu maganar da ake yi ƙasa-ƙasa. Kwanciyar aure tana nan. Gaba ba a taɓa shi, samansa kawai ake ɗinkewa, kuma bayan sati shida ko abin da likita ya ce, a koma yadda aka saba. Mata da yawa ma sun fi jin daɗi bayan aikin, tunda ciwo da jinin da ke raba su da shimfiɗa sun tafi. Batun wai ana barin rami a ciki ba haka ba ne: mahaifar da ba ta da ciki tsawonta santimita 7 zuwa 8 ne, hanji ke cike gurbin. Ƙibar da wasu ke yi daga zaman jinya da cin mai kyau take, da kuma dawowar jini ga wadda ta daɗe a rame.

Abin da ba zan raina ba shi ne ɓacin ran da ke biyo baya. A gidan da ake auna mace da goyo, kishiya tana haihuwa duk bayan shekara biyu, a ce an cire miki mahaifa abu ne mai nauyi ko da kin gama haihuwa. Wasu suna kuka watanni, kuma ba butulci ba ne. Shawarata ita ce ku je wurin likita tare da maigida ya ji da kunnensa, sannan ku biyu ku yanke wa za a faɗa wa. Ba dole ne unguwa ta sani ba. Asibitoci sukan so miji ya sa hannu shi ma, amma yardar mai jikin ita ce asali, kada a yanke a bayan idonki.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta kashe haihuwa gaba ɗaya sai da lalurar da shari'a ta yarda da ita. Jinin da ke neman kassara mace, bayan likita amintacce ya ce babu wata hanya, irin lalurar da malamai ke dubawa ke nan. Mai shakka ta kai wa malamin da ta yarda da shi bayanin likita yadda yake, ta haɗa da tambayar idda da hukuncin ɗigon jini idan an bar bakin mahaifa.

Toshe jijiyar da ke ciyar da ƙari

Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu, a tura ƙananan ƙwayoyi su toshe jinin da ke zuwa ga ƙarin, ya motse a hankali. Babu yanka, kwana ɗaya ko biyu a asibiti, sati ɗaya zuwa biyu a koma aiki, amma kwanakin farko akwai ciwon mara mai tsanani. Ba shi ake fara ba mai neman haihuwa ba, kuma wasu sukan buƙaci tiyata daga baya. Ana yinsa a wasu asibitocin kuɗi na Legas. Ga yawancin gidajen Kebbi kuɗin aikin da na tafiya sun fitar da shi daga lissafi.

| Ma'auni | Magani | Cire ƙari | Cire mahaifa | Toshe jijiya |
|---|---|---|---|---|
| Haihuwa | Tana nan idan an daina | Tana nan, babu lamuni | Ta ƙare | Akwai shakka |
| Zubar jini | Yana raguwa | Yawanci yana raguwa sosai | Ya ƙare | Yawanci yana raguwa |
| Girman ciki | Ba ya sauka, sai da Zoladex na ɗan lokaci | Yana sauka | Yana sauka | Yana raguwa a hankali |
| Ɗorewa | Muddin ana sha | Yana iya dawowa | Har abada | Yana iya dawowa |
| Kwana a asibiti | Babu | 3 zuwa 5 | 3 zuwa 5 ta ciki | 1 zuwa 2 |
| Komawa aikin ƙarfi | Nan take | Sati 4 zuwa 6 | Sati 6 zuwa 8 | Sati 1 zuwa 2 |
| Babban haɗari | Shagala, ƙari ya girma | Zubar jini, tabon mahaifa | Raunin hanyar fitsari | Ciwo, buƙatar tiyata daga baya |
| Kuɗi | Kaɗan, amma kullum | Mai yawa, wataƙila sau biyu | Mai yawa, sau ɗaya | Mafi tsada |

Kuɗi, wuri da lokaci

Cire ƙari da cire mahaifa ta ciki kuɗinsu kusan ɗaya ne. A asibitin gwamnati lissafin dubu ɗaruruwa ake yi, a na kuɗi yana iya haura miliyan. Abin da ke tayar da hankalin mutane shi ne kuɗin tiyata da aka faɗa musu ba shi ne duka ba. Akwai gwaje-gwaje, da tantance jinin da za a ƙara, da gado, da magunguna da ruwan leda, da abincin mai jinya, da mota daga Kamba ko Zuru zuwa da komowa, har da dawowa ganin likita. Ki nemi a rubuta miki su dalla-dalla. Mai rajista da KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ko da inshorar lafiya ta tarayya, ta je ofishinsu na cikin asibiti ta ji abin da suke ɗauka kafin a sayar da akuya ko buhun shinkafa. Jini kuwa, 'yan'uwa maza masu lafiya su zo su bayar tun da wuri, ya fi sauƙi kuma ya fi kwanciyar hankali.

A Birnin Kebbi akwai likitocin mata a asibitin tarayya da mutane suka saba kira FMC da kuma asibitin Sir Yahaya. Aikin da ya yi sarƙaƙiya akan tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Duk inda za a yi, ki tabbatar akwai ma'ajiyar jini da mai ba da allurar barci wanda aikinsa ke nan.

Tunda ba gaggawa ba ce, ki zaɓi lokaci. Likitoci sukan so ma'aunin jini na PCV ya kai 30 kafin su shiga, kuma gara a tara shi da magani da abinci a kan a dogara da leda. Ki samu wadda za ta riƙe miki gida sati shida cur. Daka, jan guga a rijiya, sauke tukunyar turara shinkafa, goyon jika, duk an hana. Matan karkara da yawa a nan ɗinkinsu ke samun matsala, don ba wanda ya ɗauke musu aikin.

Idan akwai zargin sankara

Jini bayan kwanciyar aure, jini bayan al'ada ta riga ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi magani, ba a ɗora su a kan ƙari a wuce. A duba bakin mahaifa, a ɗebi nama a kai ɗakin gwaji kafin a yi maganar kowane aiki. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Nijeriya, kuma idan ta yi nisa, cire mahaifa irin na yau da kullum ba ya maganinta, gasa cutar ake yi da na'ura, a haɗa da allurai, irin wanda ake zuwa Sakkwato dominsa. Masu 'yan mata kuma su sani tun 2023 Nijeriya ta fara ba 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa ta, kyauta.

Wa ya dace da me

Wadda aka gano wa ƙari a sikanin amma ba ya damun ta, ta bar shi, ta riƙa dubawa lokaci-lokaci. Mai shekara 45 zuwa sama da jini ne kawai matsalarta kuma cikin bai girma ba, ta gwada magani ko roba, wataƙila su kai ta har al'ada ta ɗauke. Idan an yi wata shida ana sha jini bai farfaɗo ba, ko an kai ga ƙara mata leda, hanyar ta gaza.

Wadda ta gama haihuwa, ƙari ya yi yawa ko ya kai cibiya, ko magani ya kasa, cire mahaifa tare da barin gidajen ƙwai ya fi mata. Cire ƙari kaɗai a irin wannan hali ɗaukar haɗarin babban aiki ne a bar ƙofar na biyu a buɗe. Dattijuwar da mahaifarta ta zazzago tana da zaɓi biyu: zoben roba da ake sa wa ya tallafe ta idan ba ta son aiki ko jikinta ba zai ɗauka ba, ko a cire ta gaba a gyara wurin.

Mai neman haihuwa, cire ƙari ne nata, kuma da wuri, kafin su yi yawa, bayan an duba bututunta da maigidanta. Mafi wuyar hali shi ne na wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ga ƙari ya cika ciki, likita na farko ya ce sai dai a cire duka. Ita kam kada ta sa hannu ranar, kada kuma ta gudu gida ta ɓuya. Ta ɗauki takardun sikanin ta je asibitin koyarwa ta ji ta bakin likitan mata na biyu, domin akwai mahaifar da wani zai ce ba ta cetuwa wani ya cece ta. Idan shi ma ya faɗi abin da na farko ya faɗa, ta nemi a rubuta a takardar yarda cewa za a bar gidajen ƙwai, a kai abin da aka cire ɗakin gwaji, a kuma ba ta sakamakon da bayanin aikin a rubuce kafin a sallame ta.